Gutsuren da Ya Shiga da Kansa

A kan firji tsohuwar wayar take zama, a jingine da gwangwanin sukari, igiyar cajinta na reto a gefe. Ba ta da layi, gilashinta ya tsage daga kusurwa har tsakiya, kuma ba abin da ke cikinta sai wasa ɗaya, wasan haɗa hoto. Za a ba ka hoto a farfashe, ka yi ta jan gutsattsarin da yatsa kana nemar wa kowanne mazauninsa har hoton ya tashi. Ba ka gasa da kowa, ba agogon da ke korar ka, in ka yi kuskure ba mai yi maka tsawa. Gutsuren ne kawai zai ƙi zama, ya koma gefe ya jira ka.

Wayar ta Auta ce da mijinta. Auta sunan gida ne, amma ya bi ta har shagon wanki da guga inda take ninke kaya, ta kai ba mai tuna tana da wani sunan. Mijinta kuwa a gidan burodi yake, aikin dare. Yana shigowa da safe da fulawa a gira, ita tana durƙushe tana neman takalminta ɗaya a ƙarƙashin gado. Kafin ta dawo da yamma ya fita. A bakin ƙofa suka fi haɗuwa, kuma dukansu ba masu magana ba ne. Yayarta takan ce, "Ɗakin nan naku ko sauro ne ya shiga sai ya rage murya."

A da abin bai dame su ba. Shirun nasu mai daɗi ne, irin wanda mutum ke miƙe ƙafa a cikinsa. Sai bayan abin da ya faru ne ya yi nauyi.

Cikin Auta ya tsufa a lokacin, har sun sayi 'yar robar wanka da riguna ƙanana. Ciwo ya taso mata da dare, mijin yana wurin aiki. Ta kira, ta sake kira, wayarsa na can a kulle cikin lokar da yake ajiye kayansa tana ta ruri, don a gidan burodin ba a shiga wurin kwaɓi da waya. Maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Da ya iso da safe, farin kayan aikinsa a jiki, an riga an gama komai. Yaron bai zo da rai ba.

Ya zauna a kujerar roba gefen gadonta, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Washegari ya zo da tsohuwar wayar nan, ya zauna yana ta dangwalawa, ita tana kallon silin. Can sai ya matso ya ɗora mata ita a tafin hannu. Hoton wani kwale-kwale ne a bakin ruwa, ya haɗu tsaf, saura gurbi ɗaya a tsakiyar ruwan, gutsurensa na gefe yana jira. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja shi da yatsa, ya shige, wayar ta ce ƙit. A ranar ta fara kuka, a ranar kuma ta fara cin abinci.

Daga nan abin ya zame musu ɗabi'a. In ya farka da rana sai ya ɗauko sabon hoto ya haɗa, ya bar gutsuren ƙarshe, ya mayar da wayar kan firji ya tafi aiki. Ita in ta dawo ta sa, ta ɗauko wani ta haɗa, ta bar masa na ƙarshe. Da safe ko hannu bai wanke ba zai sa nasa, shi ya sa kullum akwai ɗan farin gari a tsagar gilashin. Ba su taɓa zama sun shawarta haka ba, ba su taɓa ambatarsa da baki ba ko sau ɗaya. Amma in sun saɓa, a kan man girki ko a kan zuwa gidan danginsa, ba mai ba wani haƙuri. Za ta dawo ta ɗauko wayar, in ta ga gurbin nan a buɗe ta san an wuce wurin. Da haka suka cinye duk hotunan da ke cikin wasan, suka koma farko suna maimaici. Kwale-kwalen nan ko ido a rufe Auta za ta haɗa shi.

Kayan jaririn kuwa suna saman kwabar kaya, a cikin robar wankan, an rufe da tsohon zani. Kullum da yamma Auta takan ja kujera ta hau, ta sauko da su, ta warware rigunan ta sake ninkewa, ta mayar. Wata yamma ta hau ta miƙa hannu, sai ƙura.

Da safe ta jira shi a tsaye, ta gama shiri, jakarta a kafaɗa.

"Ina kayan?"

Ya tsaya da ledar burodin da yake kawowa kullum. "Na ba abokin aikina. Matarsa ta haihu."

"Ba ka tambaye ni ba."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ce wani abu, ko mene ne, da ƙila ta tsaya a nan. Amma ya yi shirun nan nasa, sai bakinta da bai saba magana ba ya buɗe a kan mafi munin magana.

"Ranar da ake neman ka ba a same ka ba," in ji ta. "Kwashe masa kaya ne ka yi wa sammako."

Ya ajiye ledar a kan tebur a hankali, kamar ƙwai ne a ciki. Ta raɓa shi ta fice.

Yinin ranar ba ta ninke zanin gado ɗaya daidai ba. Ta san abin da ta faɗa ba shi ne a zuciyarta ba. Ba ta taɓa ganin laifinsa ba, dokar wurin aikinsu ce, kuma ko da ya ɗaga wayar likita ya ce ba abin da zai sauya. Zafi ne ya nemi hanya ya fito ta nan. Tana ta gaya wa kanta ba komai, in ta koma za ta tarar da gurbin, ta sa, ta bar masa nasa, shi ke nan.

Da yamma ko takalmi ba ta cire ba ta miƙa hannu kan firji. Ta kunna, sai ta ji wani kiɗa da ba ta sani ba, mai taushi, da ƙarar ruwa a ƙarƙashinsa. Launin komai ya sauya. A sama an rubuta kashi na biyu. Ta nemi nasu na da, babu. A gabanta ga wani sabon hoto, tafki ne da tsuntsaye, ya haɗu cif, har tsuntsayen na tashi suna kewayawa suna dawowa. Ta bi shi da ido kusurwa zuwa kusurwa. Ta karkata wayar wajen taga ko tsagar gilashin ce ta ɓoye gurbin. Ba gurbi. Ba gutsure a gefe.

Ya goge wasansu, ya kawo wani, ya gama shi da kansa.

Ta zauna a bakin gado har tsuntsayen suka gaji da ita, wayar ta yi duhu. Sannan ta mayar da ita kan firji, ta zuba kaya kaɗan a jaka, ta kulle ɗakin ta tafi gidan yayarta.

Yaya tela ce, bakinta da kekenta ba a san wanda ya fi gudu ba. Ta ɗago daga kan ɗinki ta dubi jakar, ta dubi Auta.

"Dukan ki ya yi?"

"A'a."

"Zagi? Kai, wannan ko biyan sa aka yi ba zai iya zagi ba. To mene ne?"

Me za ta ce? Ta ce ya sa gutsuren ƙarshe? Yaya za ta yi dariya har ta faɗo daga kujera, gobe duk dangi su ji. Auta ta ce, "Ba komai, Yaya. Hutawa na zo yi."

"Hutawa a gidan da ke da yara huɗu. To sannu da hutu. Ɗauki tabarmar can."

Sau ɗaya mijin ya zo, ranar da ba shi da aiki. Auta na jin sallamarsa ta shige banɗaki ta ja ƙofa. Kunyar maganar da ta faɗa masa ta hana ta fitowa, hoton nan cikakke kuma ya hana ta sa rai. Ta ji Yaya na ta zuba, ta ji shi yana cewa "to" da "haka ne." Da ya tafi Yaya ta buga ƙofar.

"Fito, amaryar banɗaki. Ya tsaya min a tsakar gida kamar turken lantarki, na tambaye shi laifin me ya yi miki, wai ke kika sani. Ya ce in ce miki ya zo. To ya zo. Ga burodinki nan, yara sun riga sun fara."

Bai sake zuwa ba. Makonni suka yi ta wucewa.

A shagon wankin kuwa kashi na biyun nan ya shiga gari. Dogo mai guga yana da shi, 'Yar Gayu da ke karɓar kaya a teburin gaban shago tana da shi, har direban da ke kai kaya otal yakan tsaya a mota ya haɗa ɗan gefe kafin ya sauke. In lokacin cin abinci ya yi sai a zauna a bayan shago kan bokitan sabulu, kowa da wayarsa, kiɗan ruwan nan na tashi ta ko'ina. Auta sai ta ɗauki kwanonta ta koma can wajen injinan busarwa, inda ƙararsu ke danne komai.

Ranar da abin zai fito, wuta aka ɗauke, injinan suka tsaya. Shagon ya yi tsit, ba inda za ta ɓuya. Tana tsaye tana ninke tawul, muryoyinsu na iso ta sarai.

"Ni dai wallahi na biyun ya fi," in ji 'Yar Gayu. "Ka gama hoto ka ga ruwa na gudu, hayaƙi na fita daga bututu. Na farkon fa? Ka gama ya tsaya yana kallon ka kamar hoton fasfo."

"Ke ai komai in yana ƙyalli ya burge ki," in ji Dogo. "Wasan yara suka mayar da shi. Sun ware maka gefe daban, sama daban, sun juya maka kowane gutsure daidai. Saura su riƙe maka yatsa."

"To ba don a huta aka yi shi ba? Kai da ka yini a kan dutsen guga, wahala kake nema kuma a waya? Ni in na kunna kiɗan nan ko kwastoma ya zage ni mantawa nake."

"Kiɗan kam ba laifi," in ji Dogo. "Jiya shi ya sa ni barci, na tashi waya a kan hanci. Hotunan ma sun fi yawa, ban musa ba. Amma abu ɗaya ne ya ɓata min shi, kuma ba zan yafe musu ba. Ka yini kana fama da sararin sama, shuɗi a kan shuɗi, idonka ya yi ja. Ka zo ƙarshe, na ƙarshen nan da ake jin daɗinsa, kafin ka kai hannu ya yi tsalle ya shige da kansa. Kamar ka dafa abinci wani ya cinye maka lomar ƙarshe."

"Ai sauƙi suka yi maka, Dogo. Gurbi ɗaya, gutsure ɗaya, ko makaho ya san inda za shi. Mene ne abin tsayawa?"

Tawul ɗin ya zame daga hannun Auta. Ba ta san lokacin da ta iso bayan shagon ba, sai ganin ta suka yi a tsaye a kansu.

"Me ka ce, Dogo?"

Dogo ya dafe ƙirji. "Jama'a, yau Auta ta yi magana ba a tambaye ta ba. Lallai wutar nan ba za ta dawo ba."

"Na ƙarshen. Ka ce da kansa yake shiga?"

"Da kansa. Ke ma kina yi ne? Ashe ana shan ruwa a ɓoye."

"Ba a iya hana shi?"

"Na bi duk wani lungu na wayar nan, ba inda ake kashewa. Mutane na ta ƙorafi a ƙarƙashin wasan, wasu kuma na yabawa, irin su wannan."

'Yar Gayu ta harare shi ta jawo Auta kusa. "Zo ki gani, nawa saura kaɗan." Hoton wata kasuwar furanni ne. Ta ja ɗaya ya shiga, ta ja wani, saura biyu. Ta sa na biyun ƙarshe. Kafin ta ɗaga yatsa, ɗayan ya taso daga gefe a hankali, ya yi ɗan juyi, ya zauna a gurbinsa. Furannin suka fara kaɗawa.

"Kin ga? Ba kyau?" Ta ɗago ta ga fuskar Auta. "Ke, lafiya? Ko jiri ne?"

Auta ta kwance ƙyallen aikinta ta ajiye a kan bokiti. "Ku ce wa mai shago zan dawo."

Ba ta jira mota ba. Ta bi ta layin masu gyaran babur, ta tsallake kwalbati, ta yanke ta bayan makaranta, rana na dukan ta ba ta ji. Abu ɗaya take ta juyawa: ya bar mata. Ya yini yana haɗa tafkin nan don ta, ya zo ƙarshe wasan ya ƙwace. Har wata 'yar dariya ta kuɓuce mata a hanya, wata mai talla ta waigo.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ta tsaya a bakinta.

An jingine katifa da bango. An cire labule, rana ta shigo ta nuna duk inda fenti ya ɓare. Kwalaye a jere, an ɗaɗɗaure da igiya. Yana tsugune yana naɗe kofuna a cikin jarida. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a wuya. Firjin ne kaɗai ba a taɓa ba, wayar na kansa a jone.

Ya ɗago ya gan ta, ya miƙe da kofi a hannu.

"Kin zo."

"Ina za ka?"

"Sun buɗe reshe a wani gari, suna neman mai kula da tanda. Na amsa." Ya dubi kwalayen. "Waɗancan naki ne. Na yi niyyar in kai gidan Yaya gobe. Mai gidan hayar ya riga ya ba wasu ɗakin."

Ta shigo. Ta ɗauko wayar ta kunna. Kiɗan ruwan ya tashi. Hoton wata 'yar gada ce a kan rafi, da gida mai jan rufi a hayi. Ya haɗu duka, sai gurbi biyu a jikin gadar, gefe da gefe, gutsattsarinsu biyu na jira a ƙasa.

"Tun yaushe wannan?"

"Tun washegarin da kika tafi."

"Ranar nan," ta ce, "na dawo na tarar ka gama. Ba ka bar min ba."

Ya yi ta kallon ta kamar bai ji da kyau ba. Sannan ya ajiye kofin.

"Na ga sun fitar da sabo, na ce mun gaji da maimaici, bari in sa miki. Wayar ba wuri, sai da na goge tsohon. Na zo ƙarshe ya shige da kansa. Lokacin aiki ya yi, na ce da safe zan nuna miki." Ya dube ta. "Don wannan kika tafi?"

Ta gyaɗa kai.

"Na ɗauka don abin da kika faɗa ne. Na ce ta riƙe shi a ciki tun daga asibiti, yau ya fito, ba za ta iya ci gaba da kallon fuskata ba. Na ga kina da gaskiya."

"Ba ni da gaskiya!" Ita kanta ta tsorata da ƙarfin muryar. "Ban taɓa ganin laifinka ba, ko na minti ɗaya. Bakina ne. Kayan ne da ban gani ba, sai na ji kamar an sake ɗauke shi."

Ya zauna a kan kwali, ya rufe fuska da hannuwa. Ta jima tana kallon bayan hannun, duk tabon ƙunar tanda. Da ya yi magana, ta cikin yatsu ta fito.

"Kullum da safe ina tarar da kujera a gaban kwaba. In mayar da ita, gobe in sake tarar da ita. Na san me kike yi. Na ce kayan nan suna cin ki, bari in kawar. Ya kamata in tambaye ki. Na tsaya a ƙofar nan ban san sau nawa ba, zan tambaye ki, sai in ga kina neman takalmi."

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jingina da firjin. Suka yi kuka, kowa nasa, kafaɗarta na taɓa gwiwarsa. Wannan ne karo na farko da suka yi wa yaron kuka a ɗaki ɗaya, ɗakin kuma ya riga ya zama na wasu.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ka ce musu ka fasa."

"An ba wani gurbina a nan." Ya share fuska da gefen riga. "Kuma ba shi kaɗai ba ne, Auta. Kullum in na buɗe lokar nan sai in ji kamar waya na ruri a ciki. Na sauya loka, ban daina ji ba. Ba ke nake gudu ba."

"To in biyo ka."

"Ɗakin ma'aikata ne, mu shida. Kuma ban sani ba. Dubi mu. Gutsure ɗaya ya shiga, kika kwashe kaya ba ki tambaye ni ba. Ni kuma na zo har ƙofa na ce a ce miki na zo. Wannan aure ne? Waya ce ke mana magana, ranar da ta yi kuskure muka rasa bakin gyarawa."

Ta san bai yi ƙarya ba.

"In na zauna zan kira ki," in ji shi.

"Kai ba ka iya kira ba."

"Zan koya."

Wayar na cinyarta, ta yi duhu. Ya miƙa hannu ya taɓa ta, gadar ta dawo.

"Sa naki," ya ce. "Tun ranar nake cajin ta don kar ta mutu kafin ki zo. Na ce tun da ɗaya ba ya tsayawa, bari in bar biyu."

Ta kai yatsa kan gutsuren farko, ta ji ya ɗan ɗago yana bin ta. Sai ta tsaya.

"In na sa wannan, ɗayan zai shiga da kansa."

"Haka ne."

"To me zan bar maka?"

Ta ga a fuskarsa bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Duk makonnin nan yana ta tanadin yadda zai bar mata, bai lura ita ba a ba ta hanyar mayar masa ba. Ta ɗaga yatsa, gutsuren ya sulale ya koma wurinsa.

Ta taya shi naɗe sauran kofunan. Da yamma ya ɗauko mata kwalayenta har bakin titi, ya tare mota, ya cire cajar daga bango ya naɗe ya sa mata a jaka tare da wayar. Ƙarshen mako ya tafi.

Yanzu wayar na kan tagar ɗakin ɗinkin Yaya, can sama inda yara ba sa kaiwa. Yaya ta tambaya sau biyu me ake da waya marar layi da kullum sai an yi mata caji, da ta ga idon Auta sai ta bar zancen, abin da Yaya ba ta saba yi ba. Mijin ya kira sau ɗaya. Ya ce ya isa lafiya, ta ce to, ya tambayi Yaya da yara, ta ce suna nan. Daga nan suka riƙe waya kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, ƙarar injin kwaɓi na tashi a bayansa, har aka kira shi. Ta ce a ranta in ya sake kira ita za ta fara magana, har ta tanadi abin da za ta ce. Tana maimaita shi in tana ninke zannuwa.

A shago musun bai ƙare ba. Direban ya koma bayan Dogo, mai shago da kanta ta sauke wasan ta koma bayan 'Yar Gayu. Wata rana suna kan bokitansu, Auta ta zo da kwanonta ta zauna a gefe, Dogo ya nuna ta da cokali.

"Yauwa, ga alƙali. Auta, ke da kika bar mana aiki rannan saboda wasan nan, raba mana gardama. Na farko ko na biyu?"

"Kar ki ji tsoron tsawonsa," in ji 'Yar Gayu. "Faɗi gaskiya, na biyun bai fi kyau ba?"

Auta ta juya cokali a cikin kwano.

"Ya fi kyau," ta ce.

'Yar Gayu ta tafa. "Ka ji ko!"

"Amma na farkon yana jiran mutum."

Suka dube ta, suna jiran ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Dogo ya ce shi ma abin da yake ta faɗa ke nan, 'Yar Gayu ta ce ƙarya yake, shi lomar ƙarshe ya ce. Injin busarwa ya yi ƙara alamar ya gama. Auta ta rufe kwanonta da sauran abinci a ciki, ta tashi ta je ta buɗe shi, zafin zannuwan ya bugi fuskarta.